Kurkunun da ya raba ni da tsalle

Malam Edita, da kai da masu karatu ina yi muku sallama. A shekarun da Bature ke naɗe tabarmarsa ni saurayi ne ɗan makaranta a Bagudo, dogo, siriri, kaina kuma ya fi ƙarfin hulata. Tsallen sama nake yi: a gitta gora bisa sanduna biyu, mutum ya sheƙo da gudu ya haye ta ya faɗa ramin yashi. A duk gundumarmu babu wanda ya kama ƙafata. Har samarin Dahome da ke ƙetaro iyaka ranar kasuwar Lolo sun gwada ni, na haye gorar da ta wuce kaina, suka koma suna magana da yarensu na Dandanci suna girgiza kai. Sai malamin wasanninmu ya ce an zaɓe ni in wakilci yankinmu a wasannin murnar samun mulkin kai a Sakkwato, in na ci can sai Kaduna. Ni da ban taɓa wuce Birnin Kabi ba, ai ko abinci na daina jin ɗanɗanonsa.

Ana cikin haka wani bororo ya fito mini a idon sawun hagu, ƙafar da nake dogarawa in tashi, tana zafi kamar an ɗora garwashi. Kakata ce ta rene ni, tana dubawa ta ce kurkunu ne, na sha shi a ruwan tafki tun bara. Da ya leƙo, fari sol kamar zare, ta naɗe kansa a tsinke ta ɗaure da tsumma. Kowace safiya sai ta jiƙa ƙafar, ta shafa man kaɗe, ta murza tsinken kaɗan. Da ta ji ya turje sai ta bari. Ta ce mini kurkunu baƙo ne mai zuciya, rakiya ake yi masa, ba a korarsa, in ya tsinke a ciki sai abin da Allah ya yi. Ni kuwa ina cika ina batsewa, don an ce motar da za ta ɗauke mu tana tafe cikin mako. Na ce mata wannan aikin nata ko hawainiya ta fi shi sauri. Ta yi dariya ta ce angon nata ya yi haƙuri, ko fara da tsallenta tana sauka ta huta.

Ranar kasuwa ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta fita, bayan ta ja mini kunne kar in taɓa. Tana ba da baya na kwance tsumman. Na murza, ya biyo. Na ƙara, ya biyo. Na ce ashe tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Da ya turje sai na ciji leɓe na fizga. Ko ƙara bai yi ba, na dai ga guntun farin abu yana reto a tsinke, sauran ya koma ciki. Da ta dawo ta gani ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe ƙafar tana salati, hawaye na zuba. Ta ce abin da ya rage bai fi taƙi ɗaya ba.

Kafin a jima ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙurjin ya yi ruwa yana wari har ni kaina ina ƙyamar kaina. A kwalekwale da bayan jaki aka kai ni wajen likita. Ya tsaga ya matse, ya ce ƙafa ta tsira amma gaɓar ta sandare ke nan. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne motar nan ba ta zo a makon ba. Ruwa ya cinye hanya, sai da ta yi kusan wata. Da na bar tsohuwa da tsinkenta, da tuni ya fita, miki ya kame. Ina kwance a zaure na ji tashinta, yara na bin ta da ihu, an sa wanda nake ba ratar taƙi guda a gurbina.

Kakata ta rasu ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ma ya fi duka ciwo. Yau kurkunu ya zama labari, alhamdu lillahi, amma gaggawa tana nan da ranta. Samari masu ji da ƙarfi, in wanda ya riga ku ganin duniya ya ce ku dakata, to ku dakata. Abin da ya hango a zaune, ku ko kun yi tsalle ba za ku gan shi ba. Ni da na haye gorar da ta fi ni tsawo, yau dokin ƙofar ɗakina sai na sa hannu na ɗaga ƙafar nan kafin in ƙetare shi.