Ranar da aka zo yi mani gaisuwar ɗiyata tana barci a ɗaki

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari ba ta daɗe da fara tafiya ba, ina sana'ar yajin daddawa da busasshen kifi a gidanmu na Kurfi. Maigidana ke kawo kifin daga dam ɗin Zobe, ni in gyara in ƙulla. Ƙanwata da ke karatu a Dutsin-Ma ita ta matsa sai ta buɗe mani shafi a dandalin sada zumunta. Ta buɗe, ta sa masa sunan yarinyar. Sannan ta sayo wani abu wai shi domen, shi ma da sunan yarinyar, da "dot kom" a ƙarshe.

Na ce, "Wannan kuma na mi ne?"

Ta ce, "Yaya, kamar allon kwatance ne a bakin hanya. Na juya shi yana nuna shafinki. Duk wanda ya rubuta shi a waya, wurinki zai faɗo."

Aka buga shi a 'yan takardu, muka manna jikin robobin yaji.

To ni firamare ce iyakata, amma ba karatu ne ya hana ni taɓa abin nan ba. A gidanmu uwa ba ta faɗar sunan 'yar fari. Ban taɓa kiran sunan ba, balle in zauna in rubuta shi da yatsana. In mai saye ta tambayi adireshi, sai in miƙa mata roba in kau da kai. Da surukata ta ji labari kuwa, cewa ta yi, "Yanzu hotonki a sama, sunan 'yar fari a ƙasa? Kai, zamani." Kunya ta hana ni cin abinci. Na roƙi maƙwabciyata ta sauya wa shafin suna, ta sauya. Ban gaya wa ƙanwata ba, don na san za ta yi mani dariya. Robobin dai muka ci gaba da sayarwa yadda suke.

Damina ta wuce, aka yanke gero.

Wata rana bayan azahar ina tankaɗe, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Wata dattijuwa ce daga Barkiya da ke sarar yajina, tare da wasu mata biyu. Ba wadda ta tambayi kaya. Suka zauna kan tabarma, suka ɗaga hannu suka yi addu'a suka shafa. Dattijuwar ta dube ni.

"Ya haƙuri, ɗiyata?"

Na ce, "Haƙurin mi, Inna?"

Suka dubi juna. Ta ce, "Yarinyar. Ba mu ji ba sai jiya. Allah ya sa mai ceto ce."

Ban san sanda na saki rariya ba. Na faɗa ɗaki. Tana kwance kan katifa, bakinta buɗe, ƙuda na yawo a kumatunta. Na sa yatsa a hancinta, na girgiza ta har ta farka da kuka. Da na fito da ita, ɗaya daga cikin matan ta ja da baya tana salati, mayafinta ya zame.

Dattijuwar ta ciro waya. Ta ce ɗanta ne ya rubuta adireshin jikin roba zai yi mata odar yaji, shi ne wannan ya fito. Na karɓa. Shafi ne da sunan ɗiyata a sama. Babu fuskar kowa, sai hoton wasu 'yan takalman roba ja a bakin ƙofa, ɗaya ya kife. A ƙasa mutane sun jera, Allah ya jiƙanta, Allah ya ba iyaye haƙuri.

Na juya na dubi bakin ƙofar ɗakina. Irin takalman ne sak, waɗanda babanta ya sayo mata a kasuwar Dutsin-Ma.

Matan suka tafi suna ba ni haƙuri kan haƙurin da suka ba ni. Ni kuwa na goya yarinyar, ban sauke ta ba. Da ita nake girki, da ita nake shara. In ta yi tari sai in kai hannu baya in taɓa jikinta. Na ɗauke takalman na cusa ƙarƙashin gado, na kuma ciro su na jefa bayan katanga. Maigidana ya ce, "Ke, takalmi mi ya yi maki? Rabin yaran garin nan shi suke sawa." Gaskiyarsa, amma ni a raina an riga an yi mata gaisuwa, mutum uku sun shafa fatiha, saura abin ya iso.

Da ƙyar na iya kiran ƙanwata. Ta hau mota ta zo. Ta duba wayata, ta duba tata, sai ta dafa kai.

"Yaya, kin sauya sunan shafi?"

Na ce eh.

"Shi ne ba ki faɗa ba? Allon yana nan yana nuna tsohon wuri. Kin tashi kin bar kango, wata ta zo ta shiga da sunan. Ke ko sau ɗaya ba ki taɓa gwada shi ba?"

Na ce, "Da wane hannun?"

Kafin ruwan da na ɗora ya tafasa ta juya shi ya dawo shafina. Ta nuna mani, ga robobina, ga kifina. Ya kamata hankalina ya kwanta. Amma ta ci gaba da karanta wancan shafin, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta karanto mani abin da wata mai sayen yajina ta rubuta a ƙarƙashin hoton takalman: "Wannan ƙarya ne, jiya na gan ta tana wasa da ƙasa a ƙofar gida." Wata kuma: "Ni ma na gan ta, har ta yi mani dariya."

Mai shafin ta amsa masu da kalma biyu: "A ina?"

Ni an gaya mani tawa ta mutu. Ita an gaya mata tata na yawo.

Na ce wa ƙanwata ta nemo ta. Aka yi rubuce-rubuce, ta ba da lamba, na kira da la'asar. Muryar matashiya ce kamar ni. Na yi mata gaisuwa, na yi mata bayani yadda na iya, ina haɗawa da allo da kango. Ta ce sunan ɗiyarta ɗaya da na tawa, shi ya sa ta buɗe shafin da shi. Can ta ce tata zazzaɓi ne, ana tsakiyar damina. Ta ce ta san ba ita ba ce, ita ta ga an fita da ita, amma duk da haka tun ranar da aka rubuta mata an gan ta takan leƙa ƙofar gida.

Sai ta ce, "Tana kusa?"

Zuciyata ta ce kashe wayar. Ina tsoron baki, ina tsoron abin da ban san sunansa ba. Yarinyar na bayana tana jan ɗankwalina tana gwalantu. Daga baya na kwance goyon, karo na farko tun zuwan matan nan, na zaunar da ita ƙasa na kara mata wayar a kunne.

Ban ji abin da matar ta ce ba. Na dai ga ɗiyata ta ware ido, ta ce, "Na'am."

Yanzu ta shiga makaranta, lafiyarta ƙalau, bakinta ya fi nawa. Abin da na koya ba yawa: in an yi maka abu da sunanka, ko ba ka iya dubawa, sa wani ya duba maka. Matar ba ta sake kira ba, ni ma ban nema ba, ko garinsu ban tambaya ba. Sai dai ranar da na kai yarinyar aji ɗaya, ina gyara mata hijabi a bakin makaranta, na ji a jikina akwai wani gida da aka san yau ya kamata a kai ta.