Hannun Anti Mai Hoto

A asibitin unguwarmu, ɗakin hoton ciki yana ƙarshen baranda, kusa da famfon da ba ya rufuwa. A nan Anti Mai Hoto ta tsufa. Gajeriya ce, mai faɗan tsiya. Dokar asibiti ta hana gaya wa iyaye namiji ne ko mace, ita kuwa ko ba doka ba za ta faɗa ba, don ta san wasu da sun ji mace ce sai a zubar da cikin.

Maza su yi ta lallashi. “Anti, ko da ido ne, ɗan nuna mana.”

“Ɗan mutum ne,” in ji ta. “Kai ɗaya, ƙafa biyu. Da akuya kake jira?”

Bakinta bai taɓa cin amanarta ba, hannunta ne ya ci. In ta ga namiji, sai ta miƙa wa uwar tsumma ta goge man da aka shafa mata a ciki. In mace ce, tausayi ya kama ta, ta goge da kanta a hankali, har ta gyara wa uwar zane. Ba ta san tana yi ba. Mazan da ke tsayawa a bakin ƙofa kuwa sun daɗe da ganewa.

Mai shara ce ta fasa mata, tana dariya. “Anti, ai duk gari an sani, in kin goge, mace ce.”

Anti ta zauna, ta shiga tuno matan da ta goge wa ciki ba su sake dawowa awo ba. Ni da nake ba da kati a taga, ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Daga nan kowa tsumma take miƙa wa. Sai ga 'yarta ta zo da ciki na uku, bayan 'ya'ya mata biyu, mijin yana ƙofa. Anti ta duba, ta ga mace. Ta miƙa tsumma, ta kau da kai. Surukin ya washe baki.

'Yar ta kama hannun uwar. “Mama, lafiya? Hannunki rawa yake yi.”

Mijin ya ji, zargi ya shige shi. Washegari ya kai ta wani ɗakin hoto a bayan kasuwa, inda ba a ɓoye komai. Da ta sake zuwa gaida uwar, babu cikin.

Anti tana nan tana aiki. Safar jaririn da ta fara saƙa wa jikan da ke cikin nan tana cikin aljihun teburinta, ƙafa ɗaya. Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma warware ba.