Takardar da Aka Ɗinke wa Inna a Fata

Idan ɗari ya shigo Kwargaba, ba sai an kira mu ɗakin Inna ba, sanyi ne yake kora mu can. Inna kakata ce, mahaifiyar babana. Da an idar da sallar isha'i sai ta tura karan dawa a wuta, mu jikoki mu kewaye ta da ƙafafunmu masu kaushi, ɗakin yana ta warin tafarnuwa. Ni ne sarkin surutu a cikinmu, ita kuwa ta raɗa mini "mijin tsiya", wai ko gishiri ban taɓa kawo mata cefane ba.

A wuyanta akwai wata laya ta jan fata, amma ba addu'a ce a ciki ba. Takardar ajiya ce ta gwamnati. Marigayi kakanmu, Malam, ya saye ta wata shekara da albasa ta yi daraja. Ranar da ya karɓo ta, ya bi ta kasuwar Wurno ya ba baduku ya naɗe ta ya ɗinke, don tsoron gara da ruwa. A ɗinke ya miƙa wa Inna, ya ce idan wuya ta kai wuya ta kai ta banki. Ko launin takardar ba ta taɓa gani ba.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta kurege da kada. Wai kurege ya noma gyaɗa mai yawa, tsoron ɓarayi ya sa ya kai wa kada ajiya a ƙarƙashin gulbin Rima. Kowace shekara yakan tsaya a bakin ruwa ya tambayi ajiyarsa, kada ya ce tana nan, shi kuwa ya koma gida ya ci ganye ya yi barcinsa. Da yunwa ta zo, dabbobi suka watse, da yawa suka mutu a hanya. Kurege ya zauna ya daure, tunda yana da abin da zai koma wa, har damina ta sauka. Gyaɗa kuwa tun shekarar farko ta ruɓe.

Nakan ce, "Inna, ai wannan wawa ne."

Sai ta zungure ni da kara. "Kai ka san mi? Wanda ad da ajiya bai kwana da tsoro."

Na girma, ina koyarwa a Goronyo, sai ciwon yana ya rufe idanun Inna. Likita ya ce za a iya yi mata aiki, amma a shekarar ruwa ya cinye mana gonar fadama, hannun kowa babu komai. Inna ta shafa wuyanta ta ce, "Tashi mu tai Sakkwato. Wagga ita ta ranar da Malam yah hwaɗi."

A banki, wata ma'aikaciya mai haƙuri ta sa reza ta farke ɗinkin a hankali. Takardar ta yi ja, amma ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Matar ta shiga ciki ta daɗe, ta fito kanta a sunkuye. Ta ce za a iya bin sawun kuɗin, sai dai darajarsu ta zube, ko kuɗin motarmu ta komawa gida ba za su biya ba, kuma dole a bar musu takardar. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tausaya wa tsohuwar nan har na kasa kallon ta.

Inna ta hangi wani baƙi-baƙi a ƙasan takardar, ta ce, "Ɗiyata, mi anka rubuta can ƙasa?"

"Ajami ne, Inna. Sa hannun mai ita."

"To, gwamnati ta riƙe kuɗɗinta. Ba ni abina."

Sai bayan kaka aka yi aikin, da Baba ya sayar da tumaki, ni kuma na haɗa da abin da ya samu. A watannin da muka yi jira ne na daina ganin wautar kurege. Inna ta yi takaba, ta riƙe marayu, ta ga fari ta ga ambaliya, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, don ta yarda an bar mata abin dogara. Takardar ta riga ta biya ta, mu ne muka je neman abin da ya saura.

Ranar da aka kwance mata ido, duk mun jeru, kowa yana so shi za ta fara gani. Ko kallo ba mu ishe ta ba. Takardar ta nema, ta matso da ita kusa da fuska, ta daɗe tana bin rubutun nan na ƙasa da yatsa.

Ta ce, "Hannun Malam na, kamar kaza ta yi tono." Ta yi dariya, hawaye yana bin kuncinta. "Ashe duk shekarun ga shina nan ga wuyana."