Minti Uku a Hannun Agogo

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga ƙararrawa a makarantar sakandaren garin, kuma babu malamin da ya taɓa kama shi da makara ko gaggawa. Shi ya sa aka sa masa Agogo. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma idan ranta ya ɓaci da shi take kiransa. A takarda masinja ne, yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana goge teburin hedimasta, amma aikin da yake ji da shi shi ne na ƙararrawar nan. Malamai sun sha roƙonsa ya rage musu minti biyar a darasin ƙarshe idan zafi ya yi zafi. Yakan yi murmushi ya ce to, sannan ya buga a kan lokaci.

Da ya yi ritaya sai ya koma zaman ƙofar gida, yana yawan duba agogon hannunsa alhali babu abin da zai buga. Ana cikin haka gwamnati ta ce za a yi ƙuri'ar raba gardama: ko ƙasar ta ci gaba da zama a Ƙungiyar ƙasashen yankin, wadda ta buɗe iyakoki ta kuma cire harajin kaya a tsakaninsu, ko ta tattara nata-ya-nata ta fice. Nan da nan gari ya rabu biyu, 'yan a-fita da 'yan a-zauna. Mutanen da ba su taɓa ganin yarjejeniyar da idonsu ba suka wayi gari sun fi waɗanda suka rubuta ta saninta. Mai aski ya zama masanin tattalin arziki, kai kuwa ba ka da bakin musu tunda aska tana wuyanka.

Aka shirya muhawara duk Asabar da yamma a zauren taro na gari. Biyun farko ba su ƙare lafiya ba, kuma ba a kan iyaka ko haraji aka yi faɗan ba. A kan lokaci ne. Kowane ɓangare ya rantse an bar mutumin ɗaya ɓangaren ya fi nasu daɗewa a gaban makirufo, daga nan kujerun roba suka fara tashi sama. Tsohon hedimasta, wanda aka ɗora wa shugabancin zaman, ya rasa yadda zai yi, sai ya tuna da tsohon masinjansa.

Agogo ya zo da sharaɗi ɗaya. A ajiye masa tebur a kusurwa, kujerarsa ta ba mai magana baya, shi yana kallon bango. Ya ce ganin fuskar mutum yana sa hannu ya yi nauyi. Aka aro masa ƙararrawar makaranta da agogon da ake auna tseren ɗalibai da shi. Kowa minti uku. Hedimasta ya ce a fara, Agogo ya danna agogon. Allurarsa ta kai uku, ya buga. Maganganun kuwa, ya ce wucewa suke yi ta kunnensa kamar ƙarar injin niƙan maƙwabta. Ya katse wani lauya a tsakiyar jimlar da ya kwana uku yana shiryawa. Ya katse wani ɗan kasuwa da ya sayi kujerun da aka maye gurbin karyayyun da su. Cikin mako uku kowa ya sallama masa, har masu auna shi a ɓoye da agogon wayarsu suka gaji suka daina. A garin da aka daina yarda da jarida da rediyo, shi kaɗai ne ɓangarorin biyu suka yarda da shi, kuma abin ya yi masa daɗi fiye da yadda yake nunawa.

Ba wai ba shi da ra'ayi ba ne. 'Yarsa nas ce a wata ƙasa ta cikin Ƙungiyar, can ta yi aure, 'ya'yanta uku. Tafiyar awa huɗu ce a bas, katin shaida kawai take nunawa a iyaka. Idan an fice, wasu sun ce sai da biza, wasu sun ce babu abin da zai canza, kuma dukkansu da ƙarfi suke faɗa. Agogo ya riga ya san inda zai dangwala yatsansa, amma ban da matarsa babu wanda ya sani.

Yana da ƙane guda, wanda Agogo ya girme shi da shekara bakwai, mai ɗinkin takalma a bayan kasuwa. A da kekunan ɗinki shida ne a shagon, kuma rabin ɗaliban garin takalmansa suke sawa. Tun da aka buɗe iyaka manyan motoci suka riƙa sauke takalma masu araha, waɗanda ba sa wuce zangon karatu biyu amma iyaye ba su damu ba. Yanzu huɗu daga cikin kekunan an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, ma'aikatan sun watse. Mai takalma yana da in'ina tun yana yaro, irin wadda kalma takan tsaya a maƙogwaro har jijiyar wuya ta tashi. Suna yara Agogo ne yake yi masa magana a kanti da wajen malamai. Da suka girma ya gane ba haka ƙanin yake so ba, sai ya koyi jira. A duk garin shi kaɗai ne ba ya ƙarasa masa kalma. Duk Lahadi da yamma mai takalma yakan zo gidan yayansa su sha shayi, hirar da wasu za su yi cikin rabin awa su yi ta cikin awa biyu, kuma babu wanda ya taɓa ƙosawa.

A irin wannan zaman ne, saura kwana shida a yi muhawarar ƙarshe, ƙanin ya gaya masa ya ba da sunansa a cikin 'yan a-fita. Bai taɓa magana a gaban mutum goma ba, balle zaure cike. Ya ce ya rubuta a takarda, yana karanta wa kekunansa kullum da safe, kuma idan shi kaɗai ne a shagon yakan gama kafin minti uku. Bai roƙi komai ba. Ya shanye shayinsa ya tafi.

Matar Agogo, wadda ta ji komai daga kicin, ta fito tana goge hannu.

"Maigida, ka ƙara masa minti ɗaya. Minti ukunsa ba ɗaya ba ne da na lauya, kai ma ka sani."

Ya ce idan ya ƙara, 'yan a-zauna za su ce ya yi son kai, a koma jifa da kujeru. Ta ce to ya je wajen hedimasta tun yanzu, a sanar a gaban kowa cewa mai in'ina yana da minti biyar, babu mai hankalin da zai ƙi. Shawara ce mai kyau, shi ma ya san haka. Har ya sa hula ranar Laraba ya nufi gidan hedimasta, ya kai bakin layin ya juyo. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa neman alfarma a wajen mutumin nan ba, bakinsa bai san yadda ake fara ta ba. Ya lallashi kansa da cewa ai yaron ya ce yana gamawa kafin uku. Yaron da yake nufi shekararsa hamsin da tara.

Ranar Asabar zauren ya cika har waje, gidan rediyo ya kawo na'urorinsa. Mai takalma ne na goma sha ɗaya. Agogo yana kallon bango ya ji ƙarar buɗe takarda, ya danna agogo.

Minti na farko ya tafi lafiya. Ƙanin ya faɗi yawan kekunansa, ya kira ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya da inda kowannensu ya ƙare: wannan yana gadi, wancan yana tura baro. A karon farko tun da aka fara muhawarar nan Agogo yana jin kowace kalma. Sai lasifika ta yi ƙara, wani daga baya ya yi dariya, harshen ya ɗaure. Daƙiƙa arba'in suka tafi a kan kalma ɗaya. Zauren ya yi tsit, har wanda ya yi dariyar ya sunkuyar da kai. Da ƙyar kalmar ta fito, mai takalma ya ajiye takardar ya ci gaba da ka.

"Ni ba na ƙin kowa. 'Yar yayana ma a can take. Abin da nake so a gane shi ne, idan mu… mu… mu…"

Allura tana hawa. Ba za a ce hannun Agogo ne ya yi gaban kansa ba. Yana da daƙiƙa biyar na tunani, kuma ya yi tunanin. Allura ta kai uku, ya buga.

Hedimasta ya ce lokaci ya cika, an gode. Aka yi tafi, wanda ba a san ko na wane ne ba. Na goma sha biyu ya karɓi makirufo.

Bayan an tashi mutane suka yi layi suna gaisawa da Agogo. 'Yan a-zauna suka ce ba a taɓa mutum irinsa ba, 'yan a-fita suka ce ko su ba su ga laifinsa ba, ƙa'ida ƙa'ida ce. Mai gabatarwa a rediyo ya ce a garin nan akwai dattijon da ko ƙaninsa bai ɗaga wa ƙafa ba. Gaskiya ita ce ya ji daɗin yabon, kuma daɗin ya raka shi har rabin hanyar gida kafin kunya ta karɓe shi. Wata tambaya ta tsaya masa a rai: da ƙanin ɗan a-zauna ne, da hannun zai yi wannan saurin? Ya yi ta juya ta har ya isa gida. Matarsa ta ajiye masa abinci ta koma kicin.

Lahadi mai takalma bai zo ba. Litinin da hantsi Agogo ya tafi shagon. Ƙanin ya gaishe shi yadda ya kamata, ya goge masa benci, ya tambayi mutanen gida da labarin nas da yaranta. Yana liƙa ƙasan wani takalmi, warin gam ya cika ɗakin. Agogo ya zauna yana kallon kekunan da aka lulluɓe, sannan ya ce masa:

"Ran nan ba ka ƙarasa ba. Idan mu me? Faɗa mini, ina jinka, babu inda za ni."

Mai takalma ya danne takalmin da tafin hannu, ya riƙe shi har gam ɗin ya kama.

"Bar shi kawai, Yaya. Lokaci ya cika."

Ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Ya jawo kekensa ya hau ɗinki, Agogo kuwa ya ci gaba da zama a kan bencin yana jira har aka fara rufe shaguna.