Lambar motata ta riga ni barin gari

Jama'a, yau na ga lambar motata a jikin motar wani!

Kun san na dawo da iyali daga Abijan a motata. Da safe na kai ta a yi mata takardun Nijar da asiransi, wato inshora. A bakin ƙofar ofishin takardun wani mai jar hula ya tare ni.

Ya ce, "Alhaji, sai an cire lambar Kodibuwa kahin su duba ta."

Raina bai kwanta da shi ba, amma kafin in yi magana har ya kwance gaba da baya.

Na shiga ciki na ce wa wani ma'aikaci an cire lambar. Ma'aikacin ya ce, "Wa ya ce a cire? Ba mu san wani mai jar hula ba."

Na fito a guje, babu shi babu lamba. Ina cikin waige-waige sai ga farar mota irin tawa sak, an danne ta da kaya an rufe da tamfol. Lambata ce a bayanta. Ta miƙi hanyar Takanamat. Ko me ke ƙarƙashin tamfol ɗin nan, da sunana yake tafiya.

Na garzaya wurin jandarmomi. Ɗayansu ya zagaya motata, ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "To Alhaji, kai ina ka samo wagga marar lamba?"