Gwiwar Tunkiyar Inna

Shekarun baya, a shekarar ƙarshe ta mahaifina, ɗan kabu-kabu ya buge tunkiyar mahaifiyata a ƙofar gidanmu, can wajen Ƙofar 'Yandaka. Tunkiyar tana da tsohon ciki. Inna ta rene ta tun tana 'yar ƙarama, har hira take yi da ita.

Mahaifina mai ɗori ne, amma a lokacin idonsa ya tafi, ba ya fita zaure. Ni kuwa tela ne. Tun ina saurayi na guje wa sana'arsa, don ba na iya jin ihun mai karaya. Bai taɓa yi mini gori ba.

Na duba tunkiyar, na leƙa ɗakinsa. Ya ce, "Ina ta karye?"

Na ce, "A gwiwar baya, Baba."

Ya ce, "In gwiwa ce, sai wuƙa. Ba ta ɗoruwa."

Aka kira mahaucin unguwarmu. Ya zo yana wasa wuƙa yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, kada ta zama mushe." Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Har an riƙe tunkiyar, sai muka ji muryar Baba: "Kai tela! Wai mi kake kira gwiwa? Ku kawo mini ita."

Muka ɗauko ta muka kwantar a gabansa. Na ɗora hannunsa a gaɓar nan da ke lanƙwasawa ta baya. Ya shafa, sai ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa an daɗe.

"Ka taɓa ganin gwiwar da ke kallon baya? Wannan diddige ne."

Ya ja yatsuna sama, can kusa da cikinta, inda gashi ya rufe. "Ga gwiwa nan, lahiyarta lau. Tunkiya a kan yatsu take tahiya, kamar ɓarawo. Karayar tana ƙasan diddige, a tsakiyar ƙashi. Sarkin fawa, mai da wuƙarka."

Mahaucin ya ce, "Malam, ka hana ni romo yau."

Ban yarda ba sai da na ɗauko tef ɗina. Daga diddigena zuwa babban yatsa, inci goma. Daga abin da na kira gwiwarta zuwa kofato, tara. Wato duk wannan dogon sandan tafin ƙafarta ne, ɗage sama. Na kamo kyanwar gida, na ga haka. Na kamo zakara, shi ma haka. Baba ya ce har jaki da raƙumi, ƙirar ɗaya ce, tsawon kowace gaɓa ne ya bambanta. Ya ce a mahauta kakana ya fara nuna masa ƙashi kafin ya bar shi ya taɓa mutum.

"Kai da ke auna mutane kullum," in ji shi, "ba ka san inda diddige yake ba."

Ƙarfinsa ya ragu, don haka ni na ja ƙafar, shi yana saita ƙashin da yatsu. Ni na yanka karan dawa daidai awo, na naɗa tsumma. Tunkiyar ta yi ta kuka, ban gudu ba.

Bayan mako huɗu ta taka ƙafar, da ɗan ɗingishi. Ta haifi tagwaye. Baba ya shafa kawunansu, bai ga girmansu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, rannan ban ji tsoro ba, sha'awa na ji. Tambayoyi suka cika mini baki. Na ce sai an gama ɗinkin Sallah zan zauna da shi. Sallar ta zo babu shi.

Har yau akan yi sallama a gidanmu da yaro a kafaɗa, ana tambayar mai ɗori. Sai in fito in ce Allah Ya yi masa rasuwa, in kwatanta musu wani gidan. Wasu kan ce, "Kai ba ka gada ba?"

Nakan ce, "Na taɓa yin ɗori sau ɗaya. Tare muka yi."