Diflomar da Uwar Ɗakina Ta Zaɓa Mini

A lokacin ina ma'aikaciya a wata masana'antar shirya abinci da ke gaba da unguwar Tottenham a London, ina tsaye a layin da ake cika ledoji a rufe. Ba ni da zurfin karatu, amma hannuna yana da sauri, kuma duk sabuwar da aka ɗauka ni ake ba wa in koya mata. Har ta kai manajanmu ya kira ni ya ce kamfani zai horar da ni in zama shugabar layi, albashina na tafiya, ba zan biya komai ba. Na fito ofishinsa kamar in taka rawa.

Wadda na fara kai wa labarin ita ce uwar ɗakina, wata Hajiya da ke Peckham. Lokacin da na haihu a ƙasar nan mahaifiyata ba ta sami biza ba, Hajiyar ce ta tare a gidana ta yi mini wankan jego, ta dama mini kunun kanwa, ta gasa mini jiki. Duk Bahaushiya ta san matsayin wadda ta yi mata haka. Da ta ji labarin sai ta taɓe baki, ta ce horon kamfani ai igiya ce, ranar da suka sallame ni ya tashi a banza. Ta ce akwai wata kwaleji a Stratford da ke ba da diflomar harkar sarrafa kaya a masana'antu, shekara biyu kacal, in na gama ofis za a ba ni, in daina daskarewa a ɗakin sanyi. Kuɗin makaranta kuwa gwamnati ce za ta biya. Ta faɗi kalmar bashi sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa, ta wuce.

Mijina, direban bas ne, ya ce in tambayi manajan ko wannan takarda za ta ƙara mini wani abu a wurinsu. Na ji kunya. Gani nake in na bincika maganar Hajiya kamar na ce maƙaryaciya ce. Ita da kanta ta raka ni kwalejin, na lura ma'aikatan wurin sun san ta sosai, ni kuma don wauta har daɗi na ji, wai uwar ɗakina mai jama'a ce. Na ajiye aikina na dindindin, na koma yin aikin wucin gadi a ƙarshen mako. Na saki reshe na kama ganye.

Karatun kam an yi, ba zan ce ba a koya mana komai ba, amma ko injin ɗaya ba mu taɓa ba sai hotonsa a allo. Da na gama na shiga neman aiki. Manyan masana'antun da ke son irin takardar suna can nesa da London, ba zan kwashe yara daga makaranta in bi su ba. Na nan kusa kuma sai su tambaye ni ko na taɓa riƙe layi. Ƙarshe na koma tsohon wurina. Manajan ya duba diflomar, ya taya ni murna, ya ce su horonsu suke dubawa, kuma gurbin ya cike. Wata yarinya da na koya wa sa hular aiki ita ce shugabata yanzu, kuma bashin kuɗin makarantar yana kaina.

Duk da haka ban zargi Hajiya ba, na ce ƙaddara ce. Sai a wani taron suna a Peckham, ina kicin ina zuba shinkafa, na ji ta tana cacar baki da wata mata a bakin ƙofa. Kan wata ɗaliba suke rigima, kowacce na cewa ita ta kai ta kwalejin, don haka la'adar da kwalejin ke biya tata ce. Hajiya ta shiga lissafo waɗanda ta kai, na ji sunana a tsakiya kamar na akuyar da aka kai kasuwa. Da na same ta ita kaɗai na tambaye ta, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai ba daga aljihuna aka biya ta ba, kuma in na manta da ruwan zafin da ta dafa mini, ita ba ta manta ba. Wallahi ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba.

Ban rubuto don in hana kowa karatu ba. Amma 'yar'uwa, kafin ki sa hannu, ki je wurin masu ɗaukar aikin ki tambaye su me takardar za ta ƙara miki, sannan ki tambayi mai ba ki shawara ko akwai abin da za ta samu in kin amince. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ni har yau in mun haɗu a taro ina rusunawa in gaishe ta, ita kuma ta dafa kafaɗata ta nuna ni ga 'yan mata, ta ce ga 'yarta nan da ta gama diflomar. Sau nawa ina murmushi ina shiru, su kuma suna karɓar lambar wayarta. Shirun nan ne na gaji da shi.